Saƙar safa bayan ƙaura daga Jos zuwa Sakkwato

'Yar'uwa, kin ce aikin maigidanki ya mayar da ku Sakkwato ba da son ranki ba, kuma kina tsoron zafi zai raba ki da saƙar safa. A ganina, zaren kawai za ki canza. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, ulu yana manne wa hannu mai gumi, don haka ki koma siririn zaren auduga mai ɗan roba, domin auduga zalla takan saki har safar ta riƙa zamewa daga dunduniya. Ulun ki rufe shi sosai saboda asu, zai yi amfani da hunturu. Idan kewar Jos ta hana ki barci da cin abinci fiye da mako biyu, don Allah ki ga likita.