Amsa ga mai tambayar ribar aikin bishara a ƙasar waje

Ɗan'uwa, ka tambaya me mutum ke samu wa kansa in ya bar gida ya tafi aikin bishara a wata ƙasa. Kuɗi dai babu. 'Yan mishan na EMS, reshen bishara na ECWA, da gudummawar ikilisiyoyi suke rayuwa, wani watan ma tana makara.

Babbar ribar da na samu a Nijar ita ce addu'ata ta daina zama al'ada. A gida kana da fasto, ga zumuntar mata, ga 'yan'uwa ko'ina. A ƙauyen da ke kusa da Galmi kuwa, masu bi 'yan ƙalilan ne, a kan tabarma muke sujada, ba ganga ba lasifika. Can na koyi dogara ga Ubangiji da gaske, na kuma koma karanta Littafi Mai Tsarki da yunwa, domin gobe wani zai yi mini tambayar da dole in amsa.

Akwai kuma abin da maƙwabta Musulmi suka koya mini. Wani dattijo mai noman albasa yakan aiko mana da fura alhali bai yarda da wa'azina ba. Irin wannan karamci yana kashe girman kai, yana gyara yadda kake magana da mutane. Asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a Galmi a 1950 ma da wannan zumunci yake tsaye.

Faransanci kam za ka tsinta a hanya. Amma ka zauna da matarka da fastonka tukuna, musamman kan makarantar yara da batun tsaro, kafin ka nemi a aike ka.