Kisan gilla, taron dangi, ko ɗaukar doka a hannu?

Tambaya: Malam, ina fassara wani rahoto kan yadda gungun turawa a ƙananan garuruwan kudancin Amurka suka riƙa kama baƙar fata suna ratayewa ba tare da shari'a ba. Na rubuta "ɗaukar doka a hannu", abokin aikina ya ce "kisan gilla" ya fi dacewa. Wanne ne daidai? Daga wani ɗan jarida a Kaduna.

Amsa: Malam, abokin aikinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma da saura.

Idan Bahaushe ya ce an ɗauki doka a hannu, mai sauraro zai ɗauka cewa an yi laifi, hukuma ta yi nawa, mutane suka gaza haƙuri. Wato maganar tana ɗauke da ɗan uzuri a cikinta. A abin da kake fassarawa kuwa, sau da yawa babu laifin ma. Emmett Till yana da shekara 14, ya zo hutu daga Shikago wajen danginsa kusa da ƙauyen Money a jihar Misisipi a 1955. Aka ce ya yi wa wata baturiya fito a kanti. Mijinta da ɗan uwansa suka ɗauke shi cikin dare daga gidan kawun mahaifiyarsa, suka lakaɗa masa duka, suka harbe shi, suka ɗaura masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya, suka jefa shi kogi. Wace doka ce aka ɗauka a nan? Ita dokar ai tana nan zaune. Turawa 12 da aka ɗora wa yanke hukunci sun wanke mutanen biyu bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Da shekara ta juya, makasan suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka yi kisan, don sun san ba za a sake gurfanar da su ba. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi.

"Gilla" kuwa daga Larabci muka samo ta, kuma a fiƙihun Malikiyya kisan gilla shi ne a yaudari mutum a kai shi inda babu mai cetonsa a kashe shi, ba a kuma yi wa mai yin sa afuwa. A bakin mutane yanzu ta koma duk kisan da aka yi da rashin imani. Ta kama muni, amma ba ta kama jama'a ba, alhali jama'ar ce ginshiƙin wannan al'amari. A wancan zamanin akan yi shi da rana tsaka, mutane su zo da 'ya'yansu kallo, a ɗauki hoto, a buga shi a kati a aika wa dangi ta gidan waya. Bayan nan sai mai binciken gawa ya rubuta cewa mamacin ya mutu a hannun waɗanda ba a san ko su wane ne ba, a garin da kowa ya san kowa.

Don haka ni "kisan taron dangi" nake rubutawa. Taron dangi a Hausa shi ne jama'a su haɗu a kan mutum ɗaya, kuma kalmar dangi a nan ta zauna daram, domin jinin ne ya haɗa su, launin wanda suka kama kuma shi ne laifinsa. Ƙungiyar da lauya Bryan Stevenson ya kafa a Alabama ta tattara bayanan mutum fiye da 4,400 da aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1877 da 1950. Ko a gida, da aka kashe mafarauta 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025, raina ya sosu da na ji ana cewa matasa sun ɗauki doka a hannu.

Tambaya: Malam, a wannan zance na ji wani ya ce "an kashe maciji ba a sare kansa ba". Me yake nufi? Daga wata malamar makaranta a Maradi.

Amsa: Malama, akan yi wannan karin magana ne idan an magance abin da ido ke gani, aka bar tushensa da rai. Ya kuma yi amfani da ita a muhallinta.

A 1912 turawan gundumar Forsyth a jihar Jojiya sun kori baƙar fata fiye da 1,000, gonakinsu suka koma hannun maƙwabta. A 1987, da masu neman 'yanci suka yi tattaki a can, da duwatsu da kwalabe aka tarbe su. Haka abin yake daɗewa a ƙaramin gari: jikan wanda ya riƙe igiya da jikan wanda aka rataye suna cin kasuwa ɗaya, kowa ya san labarin, babu mai furtawa.

Ki dubi allon tunawa da aka kafa a bakin kogin da aka tsamo gawar Emmett Till. Na farko an sace shi. Na biyu an yi masa ruwan harsashi, na uku ma haka, har wasu ɗaliban jami'a uku suka ɗauki hoto a gabansa riƙe da bindigogi. A 2019 sai da aka kafa wanda harsashi ba ya hudawa. Dokar tarayya da ta haramta irin wannan kisa kuwa, wadda a ƙarshe aka sa mata sunan Emmett Till, an kai ƙudurinta majalisar Amurka kusan sau 200 cikin shekara fiye da ɗari, ba a sa mata hannu ba sai a watan Maris na 2022.

Ki lura ɗalibanki kada su haɗa ta da "tsugune ba ta ƙare ba". Waccan tana nufin an fita daga wata matsala an faɗa wata, wannan kuwa matsalar farko ce ba a gama da ita ba.