Tiyatar gyara bayan tiyatar rage ƙiba: amsoshin likita kan ƙwannafi da dawowar teɓa

Tambayoyin wannan karo sun fito ne daga waɗanda aka riga aka yi wa tiyatar rage ƙiba, daga baya ƙwannafi ya addabe su, ko kuma ƙibar ta fara dawowa. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki, takardar bayanin tiyatarsa ta farko ita ce abin da zai fara nema, domin da ita likita zai san abin da aka yanke da abin da aka bari.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi da ake kira silib. Na rage kilo 38, amma ƙwannafi ya hana ni sakat. Cikin dare ruwa mai tsami yana tasowa har maƙogwaro, in farka ina tari. Kullum ina shan omefrazol, sauƙin kaɗan ne. An ce sai an sake yi mini tiyata. Haka ne?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Mai yiwuwa a kai ga tiyatar, amma akwai matakai kafin nan.

A tiyatar silib ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar hannun riga. Tumbin da a da yake buɗewa ya karɓi abinci, yanzu ya zama bututu mai matsi, ƙofarsa ta ƙasa kuma tana nan da ƙarfinta. Idan matsi ya yi yawa, abin da ke ciki sai ya nemi inda ya fi sauƙin fita, wato sama. Ƙari a kan haka, yankan yakan taɓa zaruruwan tsokar da ke tallafa wa ƙofar sama, wadda ke tsakanin bututun abinci da tumbi. Ga wasu kuma akwai lahani takamaimai: ko dai saman tumbin ya zame ya shige ƙirji ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko bututun tumbin ya tsuke a tsakiya inda tumbi yake lanƙwasa, ko ya murɗe, ko kuma an bar wani aljihu a sama inda abinci ke maƙalewa. Kowanne da irin gyaransa, shi ya sa ba a yanke hukunci da jin bayani kawai.

Da farko ki duba yadda kike shan maganin. Omefrazol da danginsa suna aiki sosai ne idan an sha su minti 30 zuwa 60 kafin abincin safe, ciki ba komai. Da yawa suna sha bayan sun ci, ko sai ƙwannafin ya taso, sannan su ce bai yi ba. Likitanki zai iya mayar da shi sau biyu a rana na tsawon mako takwas a gani. Ki daina cin abinci awa uku kafin kwanciya, ki ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20, ki riƙa kwanciya ta ɓangaren hagu. Tara filo a ƙarƙashin kai ba ya wadatarwa, lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse cikin.

Sai bincike. Na farko shi ne leƙa ciki da na'ura mai kyamara ta baki, wato endoskofi. Shi zai nuna ko asid ya ƙona bututun abinci, kuma ana kasa ƙunar mataki huɗu, daga A zuwa D. Shi ne kuma zai nuna ko fatar cikin bututun ta sauya kama, abin da ake kira ciwon Baret, wanda a ƙalilan daga masu shi yakan rikiɗe ya zama sankara. Na biyu hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyam, don a ga siffar tumbin da inda ya tsuke. Idan da sauran shakka, akwai gwajin auna asid na awa 24 da gwajin ƙarfin tsokar bututun abinci.

Idan tsukewa ce, wani lokaci buɗa wurin da balan-balan ta endoskofi yakan isa. Idan zamewa ce zuwa ƙirji, ana janyo tumbin a ɗinke ramin. Amma idan ƙunar ta kai mataki C ko D, ko an ga Baret, ko ruwan na ci gaba da tasowa cikin dare duk da magani, gyaran da aka fi dogara da shi shi ne mayar da silib ɗin baifas mai siffar harafin Y. Ana yanke ɗan ƙaramin aljihu daga saman tumbi, mai ɗaukar kamar mililita 30, a haɗa shi da reshen hanji mai tsawon santimita 100 zuwa 150. Aljihun ba ya samar da asid mai yawa, ba shi da matsi, ruwan matsarmama kuma yana haɗuwa da abinci can ƙasa, nesa da bututun abinci. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi sosai, ko da yake wasu kan ci gaba da buƙatar magani kaɗan. Tarin dare da kika ambata ya fi komai jan hankali a bayaninki, domin omefrazol yana rage tsamin ruwan ne kawai, ba ya hana shi tasowa, kuma ruwan yana iya faɗawa huhu. Kada ki jinkirta endoskofin.

Tambaya: Likita, ni namiji ne mai shekara 44. An yi mini silib shekara shida da suka wuce, na sauka daga kilo 140 zuwa 95, yanzu na koma 116. Ina da ɗan ƙwannafi. Wani ya ce in yi ƙaramin baifas mai haɗi ɗaya, wani ya ce a sake rage tumbin. Wanne zai kashe tsuntsu biyu?

Amsa: Malam, ƙwannafi da dawowar ƙiba matsaloli biyu ne daban, kuma aikin da ya fi maganin ɗaya ba shi ne ya fi maganin ɗayar ba. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki.

Baifas mai siffar Y gwani ne a kan ƙwannafi, amma idan an yi shi bayan silib, nauyin da ake ragewa yawanci bai kai na tiyatar farko ba. Ayyukan da suka fi sauke nauyi su ne masu tsallake hanji da yawa, kamar wanda ake barin silib ɗin a haɗa mafitarsa da ƙarshen ƙaramin hanji, a bar santimita 250 zuwa 300 kacal don tsotsar abinci. Sai dai wannan ya bar bututun nan mai matsi yadda yake, don haka ƙwannafin ba inda zai je, ga zawo da ƙarancin furotin da bitamin ga wanda bai kiyaye ba. Ƙaramin baifas mai haɗi ɗaya, wanda ake haɗa tumbi da hanji a wuri ɗaya kawai, yana sauke nauyi da kyau, amma ruwan matsarmama na iya tasowa cikin tumbi har bututun abinci, kuma magungunan asid ba sa taɓa shi. Sake rage tumbi kuwa sai idan hoto ya nuna ya buɗe ƙwarai ko an bar aljihu a sama, kuma yakan ƙara ƙwannafi. Ga mai ƙwannafi tun yanzu, wannan shi ne zaɓin da ya fi rauni.

Kafin duk wannan, a nemo dalilin dawowar. Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 24 bayan tiyata, daga nan ɗan hawa abu ne da aka saba gani. Kilo 21 daga cikin 45 ya wuce ɗan hawa. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako biyu, har abin sha. Tumbi ƙarami yana hana cin da yawa a zama ɗaya, amma ba ya hana lemon kwalba, da shayi mai suga, da biskit, da ɗan tsakure-tsakure daga safe zuwa dare. Masu ƙwannafi ma sukan koma ga abinci mai laushi mai suga saboda shi ne ba ya damunsu, ka ga matsala ɗaya ta haifi ɗaya. A duba kuma magungunanka: insulin, da sitiroid, da wasu magungunan taɓin hankali da na damuwa suna ƙara nauyi.

Akwai kuma hanyar da babu ita sosai lokacin da aka yi maka aikin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Wegovy don rage ƙiba a 2021, sannan Zepbound a 2023. Sau ɗaya ake yinsu a mako, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu, kuma ana amfani da su ga waɗanda ƙiba ta dawo wa bayan tiyata. Aibinsu biyu: idan an daina, nauyin yakan dawo, kuma suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, abin da kan iya tsananta ƙwannafi. Duk da haka, gwada su na wasu watanni a hannun likita ya fi sauƙin janyewa a kan yanka.

Tambaya: Ni baifas aka yi mini shekara takwas da suka wuce. Yanzu ina cin abinci kamar ba a taɓa yi mini komai ba, yunwa kuma tana dawowa da wuri. Me ya lalace?

Amsa: Malama, abu biyu ake fara nema da endoskofi. Na farko, mahaɗin aljihun tumbi da hanji ya buɗe, abinci na wucewa kai tsaye ba ya tsayawa ya ƙosar da ke. Ana iya tsuke shi ta baki ba tare da an buɗe ciki ba, a ɗinke shi ya koma kamar milimita 8 zuwa 10. Haɗarinsa kaɗan ne, amfaninsa ma matsakaici ne, yakan fi tsayar da hawan nauyi a kan sauke shi da yawa, shi ya sa ake haɗa shi da magani da gyaran cin abinci. Na biyu, wata kafa ta ɓulle tsakanin aljihun da tsohon tumbin da aka keɓe, abinci na komawa tsohuwar hanya. Alamarta sau da yawa ita ce dawowar ƙwannafi ko gyambon ciki tare da ƙiba, kuma yawanci tiyata ce ke rufe ta. Akwai aikin ƙara tsawon hanjin da ake tsallakewa, yana sauke nauyi, amma yana iya jefa mutum cikin tamowa mai tsanani. Ba a yi wa wanda ba zai iya zuwa gwajin jini a kai a kai ba.

Tambaya: Zobe aka sa mini a tumbi tun da daɗewa. Yanzu amai nake yawan yi, da ƙwannafi.

Amsa: Ka je a zuƙe ruwan da ke cikin zoben, wanda da shi ake matse saman tumbi, tukuna, sannan a ɗauki hoto. Zoben na iya zamewa, ko ya ci bangon tumbi ya shige ciki, ko ya sa bututun abinci ya buɗe saboda daɗewa yana tura abinci ta matsattsiyar ƙofa. Idan ko ruwa ba ya wucewa, wannan na gaggawa ne, Malam, ba na jiran ranar ganin likita ba. Idan za a cire a sauya, mai ƙwannafi baifas ya fi dacewa da shi a kan silib. Wani lokaci ana cirewa a sauya a zama ɗaya, wani lokaci a jira wasu watanni tabon ya yi laushi.

Tambaya: Likita, an sa mini ranar mayar da silib zuwa baifas. Tsoro nake ji. Shin ta fi ta farko haɗari, kuma me zan shirya?

Amsa: Ta fi, 'yar'uwa, kuma gara ki sani. Ana aiki ne a cikin tabo, kayan ciki sun manne da juna, jini ba ya isa naman da aka taɓa yankawa kamar da. Saboda haka yoyon ɗinki da zubar jini sun fi yawa a kan aikin farko, aikin kuma ya fi daɗewa. Ki tambayi likitan ko irin wannan gyara yana cikin ayyukan da ya saba yi, da kuma wa za ki kira idan wani abu ya taso cikin dare.

Mai shan taba ya daina aƙalla mako shida kafin aikin, kuma kada ya koma, domin taba na kan gaba wajen haddasa gyambo a bakin mahaɗi. A gwada ƙwayar cutar nan ta tumbi mai jawo olsa, a kashe ta idan akwai. A auna jini, da ayon (sinadarin ƙarfe), da bitamin B12 da D da B1, a cike giɓin tun kafin a shiga, musamman ga wadda ta daɗe tana amai. Yawanci akan sa mutum a kan abinci mai ƙarancin kuzari na mako biyu don hanta ta ɗan motse, a ga saman tumbi da kyau.

Bayan aikin, ki tashi ki taka tun ranar farko saboda gudan jini a ƙafa. Ruwa-ruwa za ki sha na kamar mako biyu, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, a kai ga abinci sosai wajen mako na shida zuwa na takwas. Ki nemi furotin giram 60 zuwa 80 da ruwa lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, ki bar tazarar minti 30 tsakanin ci da sha. Abu mai suga da yawa zai iya sa ki jiri da gumi da bugun zuciya da zawo jim kaɗan bayan ci, saboda yana afkawa hanji kai tsaye. Bitamin kuwa na har abada ne: haɗaɗɗen bitamin, da B12, da ayon, da kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe cikin yini, a bar awa biyu tsakaninsa da ayon.

A makonnin farko, bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, ko zazzaɓi, ko sarƙewar numfashi, ko ciwon kafaɗar hagu, alamun yoyo ne ko gudan jini, a koma asibiti nan take. Ko bayan shekaru, ciwon ciki mai tsanani da amai ga mai baifas na iya zama hanji ne ya sarƙe a wata kafa ta ciki. Ki gaya wa duk likitan da ya gan ki irin aikin da aka yi miki.

Tambaya: Bayan baifas, zan iya shan maganin ciwon gwiwa da na saba? Kuma yaushe zan iya ɗaukar ciki?

Amsa: Idan ibufrofen ne ko diklofenak ko danginsu, a'a, Malama, suna cin bakin mahaɗin har ya yi gyambo ko ya huje. Farasitamol ba laifi. Asfirin da aka rubuta saboda zuciya, kada ki daina da kanki, likitocin biyu su daidaita. Ciki kuwa ki jira wata 12 zuwa 18, har nauyin ya tsaya kuma gwajin jini ya yi kyau. Ƙwayar tsarin iyali ta sha ba lallai hanji ya tsotse ta yadda ya kamata bayan baifas ba, don haka ki tambayi likitar mata game da ashanar hannu ko robar mahaifa tun kafin ranar aikin.