Me ya sa ake goge min hoto a Wikipedia?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa kan wata jarumar Kannywood. Na ɗauko hotonta daga shafinta na Facebook na ɗora, na kuma zaɓi cewa aikina ne. Washegari na tarar an goge shi, har da gargaɗi a shafina. Ita ce fa ta saka hoton da kanta duniya na gani. Laifin me na yi? Daga wani ɗan uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba wulaƙanci aka yi maka ba. Hoton da ka ɗora ya tafi rumbun Wikimedia Commons ne, wanda aka buɗe a 2004 domin adana hotuna da sauti da bidiyon da duk harsunan Wikipedia ke ɗiba. Sharaɗinsa shi ne kowane fayil ya zama kowa na iya kwafa, ya gyara, ya raba, ko da don kasuwanci, ba tare da sake neman izini ba. Wannan irin izini kuwa mai haƙƙin mallaka ne kaɗai ke iya bayar da shi.

To wane ne mai haƙƙin? A bisa asali wanda ya ɗauki hoton ne, ba wanda fuskarsa ke ciki ba, sai in akwai yarjejeniyar da ta sauya hakan. Saboda haka ita kanta jarumar mai yiwuwa ba ta da ikon ba ka shi, balle kai da ka sauke. Saka hoto a fili kowa ya gani ba sallamawa ba ne. Kayan da aka baza a bakin shago don masu wucewa su gani, har yanzu na mai shagon ne.

Masu sa kai na Commons kuma ba bokanci suke yi ba. Hoton da ya fito kai tsaye daga waya yana ɗauke da bayanan ɓoye: irin wayar, ranar ɗauka, har da lokaci. Facebook da WhatsApp kan share waɗannan su rage girman hoton, Facebook ma yakan bar tasa alamar a ciki. Mutum ya ce aikinsa ne alhali hoton ƙarami ne, babu bayanan kyamara, kuma binciken hoto a Google ya nuna shi a shafuka da yawa tun bara, ai magana ta ƙare. Ina roƙonka kada ka sake gwadawa da wani hoton, domin maimaita hakan yana kaiwa ga toshe asusu.

Mafita uku ce. Ko dai ka ɗauke ta da wayarka a wurin taro ka ɗora ainihin fayil ɗin, ko ka nemo mai ɗaukar hoton ya ɗora da kansa, ko kuma ya aika saƙon imel ga tawagar masu sa kai ta VRT, masu tantance izinin hotuna, ya bayyana cewa shi ne mai shi kuma ya sake shi a ƙarƙashin lasisi kaza. Jimlar "na yarda a saka a Wikipedia" ba ta wadatar ba, tunda izinin dole ya shafi kowa da kowa.

Tambaya: Amma ina ganin tambarin kamfanoni da fastar finafinai a Wikipedia ta Turanci. Su an bar su, mu an hana mu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, kin lura da kyau. Wannan ya samo asali daga dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, sashe na 107, wanda ya yi sassaucin amfani da aikin wani bisa adalci ba tare da izininsa ba, don sharhi, suka, labarai, koyarwa ko bincike. Kotu kan auna abu huɗu: manufar amfanin, yanayin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da ko hakan zai kashe wa mai shi kasuwa.

Sai dai Commons ba ya karɓar wannan sassauci ko kaɗan. Waɗancan fastoci a cikin Wikipedia ta Turanci kanta aka ajiye su, bisa sharuɗɗa goma masu tsauri: a rage musu girma, a rubuta hujjar amfani da su a kowace maƙala, kuma ya kasance babu yadda za a samu madadi na kyauta. Wannan sharaɗin na ƙarshe ne ya sa kusan ba a yarda da shi ga mutumin da ke raye, tunda wani na iya zuwa ya ɗauke shi gobe. Tun 2007 gidauniyar Wikimedia ta ce duk harshen da ke son irin wannan sassauci sai ya rubuta nasa tsarin. Wikipedia ta Sifaniyanci, duk girmanta, da Commons kaɗai take dogara. Ba wariya ba ce.

Tambaya: Ina da hotunan hawan sallah da na ɗauka da kaina. In na ɗora, wani zai iya bugawa a kalanda ya sayar? Daga wani mai ɗaukar hoto a Katsina.

Amsa: Eh, zai iya, kuma gara ka san haka tun yanzu. A ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda aka fi zaɓa, hoton yana nan a matsayin naka, amma kowa na iya amfani da shi muddin ya ambaci sunanka da lasisin, kuma in ya gyara ya saki gyaran bisa sharaɗi iri ɗaya. Wanda ya buga bai ambace ka ba ya karya sharaɗi, kana da hujjar tuhumarsa. Lasisin da ya hana kasuwanci ko ya hana gyara, Commons ba ya karɓa. Kuma ba a janye lasisin bayan an bayar.

Shawarata, tunda da kyamara kake ci: ka ware waɗanda kake sayarwa ka riƙe, ka ɗora wasu. Ina ƙarfafa ka ka ɗora ɗin, domin maƙaloli da yawa kan garuruwanmu da sana'o'inmu babu hoto ko ɗaya a cikinsu, kuma gasar Wiki Loves Africa, da ake yi tun 2014, irin naka take nema.

Tambaya: Hotunan Muryar Amurka fa? An ce na kowa ne.

Amsa: Muryar Amurka ta gwamnatin Amurka ce, kuma abin da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suka samar a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka a can, kamar yawancin hotunan NASA. Amma duba ƙasan hoton tukuna. In ka ga AP, AFP ko Reuters, na waɗannan kamfanonin dillancin labarai ne, kada ka taɓa.