Hukuncin Karen Gadi a Gida Mai Lambu, da Miyar da Ya Sa wa Baki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce, muna zaune a wata sabuwar unguwa ta bayan Hanwa a nan Zariya, inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Ina da ɗan lambu a bayan ɗakuna, ina shuka alayyahu da yakuwa da latas da attaruhu, ga zogale guda biyu. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Sau biyu ana haura mana katanga: na farko aka kwance injin jan ruwa, na biyu aka kwashe kaji. Shi ne ya kawo ɗan kwikwiyo, kuma tun da ya girma ya fara haushi ba a sake shigo mana ba. To amma yara sun shaƙu da shi, har falo yake biyo su. Shekaranjiya na sauke miyar taushe na bar ta ta huce, ina dawowa na tarar ya ture murfin ya sa baki. Surukata ta ce a zubar da miyar, a yar da tukunyar, ta ce mala'iku sun daina shiga gidanmu, sallarmu ma sai an duba. Miyar na zubar don gudun rigima, tukunyar na ajiye gefe. Yana kuma yin kashi a cikin lambun da muke ci. Malam, mene ne hukuncin duk wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, a halin da kika bayyana, riƙe wannan kare halal ne, sallarku ta yi, tukunyarki kuma ba ta mutu ba. Abin da za a gyara shi ne matsayin karen a gidan. Don gadi aka kawo shi, to ya tsaya a bakin aikinsa, a raba shi da falo da madafa.

Asalin maganar hadisi ne da ya zo ta hanyar Ibn Umar da Abu Huraira da Sufyanu bin Abi Zuhair, Allah ya yarda da su, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim: wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, daga ladansa, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Hani ne na gaske, kada wani ya raina shi. Amma dubi ukun da aka cire. Maharbi yana neman abinci, makiyayi yana tsare garkensa, manomi yana tsare shukarsa. Dukansu buƙata ce ta haɗa su. Daga nan malamai suka tambaya: idan an yarda a tsare tunkiya da zangarniyar dawa da kare, me zai hana a tsare mace da 'ya'yanta? Ibn Abdil Barr a cikin Malikawa ya tafi a kan halascin riƙe shi don jawo amfani da tunkuɗe cuta, Imam Nawawi a cikin Shafi'awa ya ce mafi inganci shi ne ya halatta don tsaron gidaje.

Na san duk wanda ya yi zaman zaure a cikin birnin Zazzau zai ce: ai Risala, sanannen littafin fiƙihun Malikawa, ta ce ba a riƙe kare a gidajen gari. Haka ne, ta faɗa. Sai dai masu sharhin Risalar sun kawo labarin mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki mai cin nama zai ajiye. Malamin bai saɓa wa Malik ba, ya gane dalilin hukuncin ne, kuma dalilin ya sauya da sauyin hali. Hausawa ma sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mace da yara ƙanana, miji a Kaduna kwana biyar a mako, an riga an haura katanga sau biyu, ga lambu da kaji: idan wannan ba buƙata ba ce, ban san me za a kira buƙata ba.

Abin da ban halatta ba, kuma ina ganinsa yana yaɗuwa a tsakanin samarinmu, shi ne kare na ƙawa: a sayo shi da tsada don a gani, a kwana da shi a gado, a ɗauki hoto ana sumbatarsa. Wannan shi hadisin rage lada ya fi shafa kai tsaye.

Sai batun mala'iku. Surukarki ba ƙirƙira ta yi ba, ki riƙe wannan da kyau. Hadisin Abu Ɗalha a Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko hoto. Muslim ya ruwaito cewa Jibrilu ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alkawarin zuwa bai zo ba, sai aka gano ɗan kwikwiyo ne a ƙarƙashin gado. Malamai sun ce mala'ikun rahama ake nufi, ban da masu rubuta ayyuka, waɗanda ba sa rabuwa da mutum. Khaɗɗabi yana ganin karen da aka yi izinin riƙewa bai shiga wannan hukunci ba. Nawawi yana ganin ya shiga. Ba sai kin zaɓi ɓangare ba, domin mafita tana hannunki. Kwikwiyon da ya hana Jibrilu shiga a cikin ɗaki yake, ƙarƙashin gado. Ki sa a yi wa naku 'yar rumfa ta kwano ko ta bulo a kusurwar lambu ko kusa da ƙofar gida, da rana ya zauna a can cikin inuwa, da dare a sake shi ya zaga tsakar gida. Falo da ɗakunan kwana da inda kuke shimfiɗa dadduma su zama ba wurinsa ba. Yara za su yi kuka kwana biyu, su saba.

Salla kuwa babu abin da ya taɓa ta. Taɓa kare ba ya karya alwala a dukkan mazhabobi huɗu. A mazhabar Malik, wadda a kanta ƙasar nan ta tashi, duk mai rai mai tsarki ne, har yawunsa da guminsa, kuma kare yana ciki. Daga hujjojinsu akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali da bakinsa yake kamowa, ba a kuma ce a wanke gurbin haƙoransa ba. Akwai kuma maganar Ibn Umar a Bukhari cewa karnuka suna kai da kawo a masallaci a zamanin Annabi. Idan ya goge jikinsa da zanenki, ko ya lashi hannun yaro, ba za a sake salla ba. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin yawunsa najasa ce mai nauyi, Hanafawa ma suna ganin yawun najasa ne, don haka wanke wurin ya fi kyau, kuma ba ya cin komai sai ruwa kaɗan.

Yanzu tukunya, wadda ita ce ainihin abin da ya tayar da ƙura. Hadisin Abu Huraira ya ce idan kare ya sha a ƙwaryar ɗayanku, ya wanke ta sau bakwai. A ruwayar Muslim an ƙara da cewa ta farko da ƙasa. Kin ga wankewa aka ce. Babu inda aka ce a fasa ko a jefar, kuma yar da tukunya mai lafiya a wannan tsadar almubazzaranci ne. Malikawa sun ɗauki wankin a matsayin bauta, mustahabbi ne a mashhurin mazhaba, ba sa sharɗanta ƙasa, kuma Mukhtasar, littafin Shehu Khalil na fiƙihun mazhabar, ya taƙaita shi ga mazubin ruwa, ban da na abinci. A Mudawwana, littafin da ya tattara fatawowin Malik, an kawo cewa Malik yana ganin babban abu ne mutum ya ɗauki arzikin Allah ya zubar saboda kare ya sa baki. Saboda haka a fiƙihun mazhaba miyarki ba ta zama najasa ba, cinta ba haramun ba ne.

Duk da haka ga abin da nake ba ki shawara da shi. Ki ɗebi ƙasa mai tsabta, ki dama da ruwa, ki cuɗa tukunyar da murfinta ciki da baya, sannan ki ɗauraye sau shida, ki bi da sabulu da soson ƙarfe yadda kika saba. Lafazin hadisin ya ambaci mazubi ne kawai bai rarrabe ba, ruwayar ƙasa kuma ingantacciya ce. Aikin bai kai minti biyar ba, ya fitar da ke daga saɓanin malamai, surukarki kuma ta ga an girmama hadisin da take karewa. Miyar da kika zubar babu zunubi a kanki. Halascin abu ba ya tilasta cinsa: an kawo wa Annabi naman damo bai ci ba saboda ransa bai so ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. Gaba idan ta sake faruwa, kada a tuttular a kwata, a ba dabbobi. Mafi sauƙi duka, a yi wa madafa ƙyaure.

Na lambu ya fi ba ni tsoro fiye da na tukunya, ko da yake shi ne kika sa a ƙarshe. Fitsarin kare da kashinsa najasa ne, a nan Malikawa ba su saɓa wa kowa ba. Shukar da ta tsiro a ƙasar da najasa ta taɓa mai tsarki ce, Mukhtasar ya faɗi haka a fili, abin da ake wankewa shi ne abin da ya maƙale a bayan ganye. To amma tsarki daban, lafiya daban. Kashin kare yana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki waɗanda ido ba ya gani, wasunsu suna daɗewa a ƙasa, wasu kuma idan suka shiga cikin mutum suna iya yin ƙullutu a hanta. Alayyahu da yakuwa wuta za ta ci su. Latas ɗanye ake ci, yaro kuma yana wasa da ƙasa ya kai hannu baki. Ki kewaye fangalin da waya ko kara, a riƙa kwashe kashin kullum ana binnewa nesa da shuka da rijiya, kada a taɓa haɗa shi da takin kaji ko na awaki. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai gudu.

Ba ki ce ko an yi masa allura ba, kuma ina ganin yin ta wajibi ne a kan maigidanki, saboda ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa. Ciwon haukan kare da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi, kuma mafi yawan masu kamuwa da shi daga cizon kare ne. Ku mutanen Zariya ba ku da uzuri: ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ana fara allurar tun kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a haɗa da maganin tsutsa. Ba a kiwon kare ranar farauta. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Ku sani kuma a mazhaba, kare mai cizo idan an gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Almajirin da ya zo bara da ɗan maƙwabcin da ƙwallonsa ta faɗo gidanku suna da haƙƙin kada a sako musu shi.

Shi ma karen yana da haƙƙi a kanku. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sun ruwaito kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Raina yana ɓaci idan na ga kare ɗaure da gajeriyar sarƙa a tsakiyar rana a watan Afrilu, kwanonsa a bushe, wai don ya ƙara zafin rai. Wannan zalunci ne. Ki ware masa kwanonsa na ci da na sha, waɗanda ba sa shiga wanke-wanken gida, ruwa kada ya yanke masa. Sauran tuwo da ƙanzo da ɗan nama sun ishe shi, amma likitocin dabbobi suna gargaɗi a kan albasa da tafarnuwa masu yawa, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji. Ki hana yara jifansa ko jan wutsiyarsa, ki koya musu wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

Surukarki kuma kada ki kai mata wannan amsa kamar wadda ta ci shari'a. Ki bari ɗanta ya dawo ranar Juma'a ya karanta mata da kansa, ya fara da inda aka ce tana da gaskiya, sannan ya kira mai walda ya zo ya auna rumfar da ƙyauren madafa.

Allah ne Mafi sani.