Duron da aka ce babu komai a cikinsa: amsa ga malamin da ke son ƙera wa ɗalibansa gangar ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, kuma shekara biyu ke nan ina haɗa wa ɗalibaina kayan kiɗa da abubuwan da aka zubar, kamar gwangwanaye da kwalabe da guntayen bututun ruwa da wayar birkin keke. Kwanan nan na samu duro biyu na ƙarfe, ɗaya an taɓa zuba fetur a ciki, ɗayan kuwa ban san abin da ya ɗauka ba, sai kuma wata tsohuwar tukunyar gas. Burina in yi gangar ƙarfe irin ta mutanen tsibirin Tirinidad da ke yankin Karebiyan. Mai waldan da na kai wa ya ce idan aka ɗauraye su da ruwa da sabulu, aka shanya kwana uku, ya shinshina bai ji wari ba, zai yanka. Hankalina bai kwanta ba, domin na yi niyyar kai yaran su kalli aikin. Shin akwai haɗari? Sannan yaya zan yanka bututu su ba da sautin da ya dace da juna?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Kada a yanka ko ɗaya daga cikin ukun, kuma kada ka kai yaro ko ɗaya wurin. Rashin kwanciyar hankalin da ka ji yana kan hanya, kuma na gode da ka tambaya kafin injin yankan ƙarfe ya taɓa duron.

A shekarun da na yi ina ƙera kayan kiɗa ina kuma koyar da ƙirarsu, babu maganar da ta gajiyar da ni kamar wannan ta cewa ai babu komai a ciki. Duron da aka juye fetur ɗinsa ya fi wanda yake cike haɗari ga mai yanka, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan fetur ba shi ne yake fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska daidai gwargwado. Gwargwadon kuwa ƙanƙane ne ƙwarai: idan tururin ya kai kusan kashi 1.4 cikin ɗari na iskar da ke cikin mazubi, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da shi, kuma haka zai ci gaba da zama har zuwa wajen kashi 7.6. A cikin duro mai cike tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A cikin wanda aka juye kuwa iska ta cika shi, ragowar man da ya maƙale yana ta sakin tururi a hankali, har cakuɗin ya faɗa cikin wannan tsakanin. Idan ka yi lissafi a kan duro mai cin lita 200, za ka tarar fetur ɗin da bai wuce cokali biyu ba ya ishi dukan cikinsa ya zama abin fashewa. Fetur kuma ba ya jiran zafin rana kafin ya yi tururin da zai kama wuta, yana yin sa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri.

Idan wutar ta tashi a rufaffen wuri, matsin da ke ciki yana iya ninka na iskar waje sau bakwai ko takwas cikin ƙiftawar ido. Faɗin kan duro bai kai santimita 60 ba, amma irin wannan matsi a kansa ya haura nauyin tan 15. Ƙarfen ba ya jira matsin ya kai can, gindin ko murfin yake ɓallewa ya yi sama, kuma fuskar mai yanka tana sunkuye daidai inda zai bi.

Yanzu mu duba hujjojin mai waldanka ɗaya bayan ɗaya, domin su ne nake ji kullum. Ruwa ba ya haɗuwa da fetur, yana bi ta kansa ne ya wuce. Ka juya duron ka dubi bakin gindinsa, inda aka naɗe ƙarfen jiki da na gindi aka matse su tare. A cikin wannan naɗin, da ƙarƙashin tsatsa, da cikin dauɗar da ta daskare a ƙasa, mai yana zama wata da watanni, kuma sabulu ba ya isa can. Shanyawar kwana uku ta ƙaramar kafar da ba ta wuce a zura yatsu uku ba ba ta fitar da komai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan duron. Hanci kuwa ba ma'auni ba ne. Mutumin da ya wuni cikin warin mai hancinsa ya riga ya saba, sannan ko da a ce iskar ciki tana da tsabta a lokacin da ya shinshina, zafin yankan da kansa zai dafa abin da ke cikin naɗin ya mayar da shi tururi. Wannan ne ya sa duron dizal da na baƙin mai, waɗanda mutane ke ɗauka ba sa kama wuta da sauƙi, su ma suke fashewa a hannun masu walda.

Akwai dabarun da suka fi waɗannan muni, kuma ina ganin ana yaɗa su a bidiyoyin intanet ba tare da kunya ba. Wani ya ce a ƙyasta ashana a bakin kafar a gwada, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Wani ya ce a zura bututun hayaƙin mota a ciki ya kori tururin, alhali hayaƙin yana iya zuwa da man da bai ƙone ba da zafi, kuma babu wanda ya auna abin da ya rage a ciki. Wani ya ce a cika da ruwa a yanka, ya manta da ɗan sararin da ke saura a sama, inda tururin yake taruwa, ga kuma injin lantarki a cikin ruwa. Mai ɗaukar bidiyon da ya tsira shi ne yake saka nasa a gani, wanda abin ya rutsa da shi ba ya saka komai.

Na san wani mai walda, gwani ne a aikinsa, wanda ya yi shekaru yana yanka duro ba abin da ya same shi. Ranar da abin ya faru, duron fenti ne da aka ce ya bushe tun bara. Da na je duba shi, hannunsa na dama yana naɗe har gwiwa, gashin girarsa babu, kuma sai na matsa kusa da kunnensa na hagu kafin ya ji gaisuwata, domin na daman ya daina aiki. Murfin duron an tsince shi a kan rufin maƙwabta. Masu zuwa dubiya suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ban yarda a laƙaba mata abin da aka san sababinsa aka kuma san hanyar kauce masa ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma duro ɗari da mutum ya yanka lafiya ba su ce komai a kan na ɗari da ɗaya ba.

Tukunyar gas ta fi duron fetur tsanani. Gas ɗin girki yana zaune a cikinta a matsayin ruwa, kuma lita ɗaya ta wannan ruwan tana zama fiye da lita 200 ta gas idan ta fito. Tukunyar da ta daina kunna murhu ba ta ƙare ba, matsinta ne ya yi daidai da na waje, cikinta kuwa cike yake da gas wanda ya fi iska nauyi, ba ya fita don an buɗe kai. Na san inda sha'awar ta samo asali: a 2007 wani Ba'amurke mai suna Dennis Havlena ya yanka harsuna a jikin tukunyar gas ya samu ganga mai sanyin amo, daga nan abin ya bazu a duniya. Yawancin masu ƙera irinta don sayarwa a yau da sabon ƙarfe suke aiki, ko tukunyar da ba a taɓa ɗura mata gas ba. Taka ka mayar wa dillalan gas, su suka san yadda ake kashe tsohuwar tukunya.

Duron da ba ka san abin da ya ɗauka ba ka ɗauke shi a matsayin mafi haɗarin ukun. Idan maganin ƙwari ko na ciyawa ne, maganar ta wuce fashewa ta koma guba, wadda za ta bi hannun yaro zuwa bakinsa, kuma wuta za ta mayar da ita hayaƙin da kowa zai shaƙa. Wuraren da ke gyaran irin waɗannan mazubai da gaske suna wanke su da tururin ruwa mai zafi, su auna iskar ciki da na'urar gano gas, wani lokaci su cika su da iskar naitirojin kafin wuta ta matso. Wanda ba shi da waɗannan kayan ba shi da hanyar sanin cikin duro, komai daɗewarsa a sana'a.

Wannan bai kashe burinka ba. Ka nemi duro sabo, ko irin wanda murfinsa gaba ɗaya yake cirewa da zobe, wanda ka tabbatar abin da ya ɗauka ba mai kama wuta ba ne kuma ba guba ba ne. Gaskiya ne akwai wuta a cikin ƙirar gangar ƙarfe, kuma ina jin daga nan wasu suka ɗauko ruɗaninsu. Ana fara dukan gindin da guduma har ya lotsa ya zama kamar kwano, a zana gurbin kowane sauti, a yanke jikin gwargwadon tsawon da ake so, sannan a ɗora a wuta don ƙarfen ya zauna kafin a shiga daidaita amo da ƙaramar guduma. Wutar tana zuwa ne bayan duron ya zama buɗaɗɗe. A yi ta a fili, yara suna nesa, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Kuma ka shirya haƙuri, daidaita amon shi ne sana'ar, mutane suna shekaru suna koyonsa. Su kansu mutanen Tirinidad ba da duro suka fara ba. Bayan da Turawan mulkin mallaka suka takura kiɗan ganga a shekarun 1880, sai suka koma buga gora, daga baya a ƙarshen shekarun 1930 suka koma gwangwanayen biskit da na fenti, sai a shekarun 1940 irin su Ellie Mannette suka kai ga babban duro. Ka bi sawunsu, ka fara da babban gwangwani mai sauti uku ko huɗu, yaran za su ga yadda faɗin gurbi yake sauya amo.

Batun bututu mai sauƙi ne. Idan kaurinsu ɗaya ne, tsawo ne kaɗai yake yanke hukunci: rabin tsawo yana ba da sautin nan dai amma a sama, kashi biyu cikin uku kuma yana ba da wanda ya fi kowane daɗin haɗuwa da shi. Ka yanka shida a kan santimita 60 da 53.3 da 48 da 40 da 36 da 30, za ka samu tsani mai hawa biyar wanda duk yadda yaro ya buga ba zai yi karo a kunne ba. Ka bar ɗan ƙari a kowanne, ka riƙa ragewa da magagari kana saurare, domin iskar da ke kaɗawa tana ɗan zarce bakin bututun, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. A buga bakinsu da tafin tsohon silifa. Da zarto za ka yanka bututun roba, kada ka kai shi wuta don lanƙwasawa, hayaƙinsa yana ƙona maƙogwaro da huhu.

Wayar birkin keke tana yin tsirkiya mai kyau a kan gwangwani, in dai ɗan itacen da take hawa, wanda muke kira jaki, ya zauna daram a kan fuskar gwangwanin. Sai dai ka sani kafin sautin waya ya ninka sama, sai an ninka ɗaurinta sau huɗu, shi ya sa take tsinkewa a hannun mai gaggawa ta zabga masa a fuska. Kai za ka riƙa ɗaurewa, fuskarka a gefe, idan ana son siririn sauti kuma a rage tsawon wayar maimakon a ƙara ja.

Ka kuma ba yaran abin saurare, domin kunne ne yake jan hannu. Abin da na fi so in kunna wa ɗalibaina shi ne ƙungiyar yaran Kateura da ke gefen birnin Asunsiyon a ƙasar Faraguwai, waɗanda Favio Chávez ya koya wa kiɗa, Nicolás Gómez kuma ya ƙera musu goge manya da ƙanana da gwangwanaye da katakon da aka tsinto a juji. Bayansu sai Roger Landu na Kinshasa, wanda ya shiga manyan dandamalin duniya da gwangwanin madara da sanda da waya ɗaya. Ranar 11 ga Agusta kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa gangar ƙarfe tun 2023, ka sa su ji yadda ƙungiya guda ta masu duro take ɗaukar waƙa tun daga siririn sauti har zuwa mai kauri.

Kafin nan, malam, ka koma wurin mai waldan nan yau, kada ka bari sai gobe, domin kayan suna hannunsa kuma yana iya cewa bari ya rage aiki kafin ka zo. Ka karɓe su, ka rubuta a jikin kowanne da fenti cewa kada a yanka kuma kada a kusanto da wuta, ka ajiye su a inuwa nesa da ajin. Ka kuma zauna ka yi masa bayanin cokali biyun nan cikin mutunci, domin gobe wani zai kawo masa wani duron, kuma shi ma yana da 'ya'yan da ke jiran dawowarsa gida.