Robar oksijen ba sallama ba ce: amsoshin likita

Tun da hunturu ya kama, tambayoyin da ke zuwa mini suka karkata ga tari da numfashi, da yawansu kuma a kan oksijen ne, iskar nan da ake sa wa majiyyaci a hanci. Na haɗa su wuri guda.

Wani ɗan makaranta daga unguwar Zariya ya ce: Likita, wace iska ce a cikin tukunyar ƙarfen nan ta asibiti? Ba ita muke shaƙa kullum ba?

Ita ce, sai dai tatacciya. A iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijen. Mai lafiyayyen huhu wannan ya ishe shi, wanda huhunsa ya gaza kuwa sai an ƙara masa.

Wata uwa daga Tibiri ta ce: Likita, barka da aiki. Ɗana mai wata 8 yana tari da zafin jiki, numfashinsa sama-sama. Da muka kai shi aka ce ciwon haƙarƙari ne, za a sa masa oksijen. Uwar mijina ta hana, wai duk wanda aka sa wa robar nan ba ya tashi, ta gani da idonta a danginsu. Mun dawo gida ana yi masa hayaƙi, an kuma ce wanzami zai zo ya cire masa beli. Hankalina bai kwanta ba.

Ɗiyata, ki goya yaron nan ki koma asibiti yanzu. In dare ne, a daren. Sauran bayanin kya karanta a can, ki kuma karanta wa maigida da Inna.

Ciwon haƙarƙari yana cika ƙananan jakunkunan huhu da ruwa da majina. Yaro yana jan iska, amma kaɗan ce ke ratsawa cikin jini. Shi ya sa yake haki, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, hancinsa yana buɗewa. Ɗan abin nan da muke maƙala masa a yatsa ko a ƙafa yana nuna yawan oksijen da jini ya ɗauka. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. In ya sauka ƙasa da 90, zuciya da ƙwaƙwalwa sun fara wahala, kuma jariri ba ya daɗewa yana wannan kokawa kafin ya gaji. Oksijen ba ya kashe ƙwayar cuta, wannan aikin allura ne. Aikinsa shi ne ya riƙe yaron har allurar ta samu lokacin aiki, sau da yawa ƴan kwanaki ne a cire.

Inna ba ƙarya ta yi ba. Ta ga an sa wa mutum roba, ta ga ya cika. Amma a tambaye ta, kwana nawa ya yi a gida kafin a kai shi? Mun san yadda abin ke tafiya a wurinmu: a fara da ƙwayar ɗan tebur, a koma jiƙo, a yi hayaƙi, a kira wanzami, sai numfashi ya kai gargara a nemo mota. A wannan hali ma'aikaci zai sa oksijen da gudu, wani lokaci Allah ya yi ikonsa cikin awa guda, sai a fita ana cewa robar ce. Duk inda gobara ta tashi ana ganin motar ƴan kwana-kwana, ba wanda ya taɓa cewa su ke tada wutar. Waɗanda aka sa wa robar da wuri suka warke sun fi yawa nesa ba kusa ba, su ne dai ba a ba da labarinsu a wurin zaman makoki.

An auna wannan abu. A ƙasar Papua Sabuwar Gine, wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa da aka wadata asibitoci da oksijen da abin auna shi, mutuwar yara masu ciwon haƙarƙari ta ragu da kashi 35 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa oksijen cikin jerin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba. Ajali na Allah ne, ba mai ja, amma shi ne ya umarce mu da neman magani.

Hayaƙin nan kuwa a daina shi yau. Yaron da ke neman iska ruwa a jallo, a lulluɓe shi da zane a kan garwashi? Ina rasa abin cewa in na ga an kawo irin waɗannan yara, kayansu na warin turare, leɓɓansu sun canza launi. Cire beli ya fi muni: jini ya zuba a maƙogwaron da dama numfashi ke wucewa da ƙyar, yaro ya ƙi nono saboda zafi, ga ƙarfen da ba a san bakin wa ya shiga jiya ba. Beli ba ya kawo tari. A bar shi inda Allah ya sa shi.

Ga sauran iyaye, ku ƙirga numfashin yaro na minti guda yana kwance lafiya lau ba ya kuka. Ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ku tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, mafi kusa. In ƙirji na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko yana gurnani, ko ya sanƙame, ko ba ya farkawa sosai, kada ku tsaya ƙirga komai. Tun 2006 ƙasarmu Nijar ta ɗauke kuɗin ganin likita ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, don haka rashin kuɗi a hannu kada ya zaunar da ku. Ke kuma ɗiyata, ina sake faɗa, ki koma da shi yau.

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya ce: Mahaifina an sa masa abin da ya rufe hanci da baki, na kusa da shi kuma ƴar siririyar roba. Bambancin kuɗi ne?

A'a, Alhaji, bambancin buƙata ne. Siririyar robar hanci tana ɗaukar lita 1 zuwa 6 a minti ga babba, kuma da ita mutum yana ci yana magana. Abin rufe fuska na wanda ya fi buƙata ne, daga lita 5 zuwa 10, ba a sa shi ƙasa da 5 don kada majiyyaci ya riƙa mayar da iskar da ya fitar. Mai jaka a ƙasa kuwa na halin gaggawa ne, lita 10 zuwa 15, kuma jakar ta zauna a kumbure. In ka ga ta lotse, kira ma'aikaci. Ranar da aka mayar da Baba kan siririyar, ka gode wa Allah, sauƙi ne ya samu.

Wani matashi daga Tasawa ya ce: Ina jinyar kakata mai tsohon tari. Na ga an ajiye iskar a kan 2, sai na murɗa ta sama da dare don ta fi jin daɗi. Da safe aka yi mini faɗa. Laifi ne?

Laifi ne babba, duk da na san tausayi ne ya sa ka. Oksijen magani ne mai awo. Tsofaffin da hayaƙin itace ko taba ya cinye wa huhu shekara da shekaru, in aka cika musu shi, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsu. Sai ka ga sun yi shiru suna barci, kana murna, alhali suma ce ke tahowa. Irinsu da gangan muke tsayar da awonsu tsakanin 88 da 92. Haka bakwaini: oksijen da ya wuce kima yana iya lalata masa ido har abada. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka cire mata don za ta ci tuwo ko baƙi sun zo. In ka ga numfashinta ya canza, ka tada ma'aikacin dare, aikinsa ke nan.

Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo ta ce: Ƴaƴana sun sayo mini injin oksijen daga Kano saboda fuka. Zan iya kunnawa duk sanda ta tashi, in huta da zuwa asibiti?

Hajiya, Allah ya yi musu albarka, amma injin nan ba maganin fuka ba ne. Fuka hanyoyin iska take shaƙewa, abin fesawa a baki ne ke buɗe su. In kin fesa ba ta lafa ba, ko kin kasa ƙarasa magana, asibiti za a kai ki, kada injin ya ruɗe ki ki kwana a gida. Shi injin iskar ɗaki yake tacewa ya ba da oksijen wajen kashi 90, yawancinsu lita 5 a minti, kuma ana ɗauke kuran ya tsaya. Wanda likita ya rubuta wa oksijen a gida dole ya tanadi tukunya ko sola. In gurup ne, wato injin ba da wutar lantarki, a ajiye shi a waje can nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake. Ƙurar Maraɗi tana toshe soson bayan injin, a wanke shi duk mako, ya bushe kafin a mayar. Sai wuta: oksijen yana rura ta fiye da zato. Ba kaskon turare, ba taba, ba murhun gas a ɗakin. Kada a shafa basilin ko man kaɗe a hanci, kada maiƙo ya taɓa bakin tukunya. Ki kawo injin likitanki ya duba ko kina buƙatarsa ma.

Wata amarya ta ce: Lalle yana hana abin yatsa aiki?

Jan lalle bai cika hanawa ba. Baƙin lalle, jan farce da sanyin yatsa suna iya rikita shi. A gwada wani yatsan ko kunne, kuma in mutum yana haki, a kai shi ko da lambar ta yi kyau.

Wani maigadi daga Madarumfa ya ce: Muna kwana da gawayi a ɗaki saboda sanyi, muna tashi da ciwon kai.

Malam, wannan ciwon kan gargaɗi ne. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari da ke hana jini ɗaukar oksijen, tana kashe mutane cikin barci, abin yatsa ma ba ya gane ta. A fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda ya tashi da jiri ko amai, ko aka kasa tada shi, a fito da shi sarari a garzaya asibiti, oksijen mai yawa yake buƙata.

Wata mai jego ta ce: Jariri zai iya shan nono da robar a hanci? Kuma ba zai saba da ita ba?

Zai iya, ki ba shi in ma'aikata sun ce numfashinsa ya daidaita, in bai daidaita ba ki tatsa a ba shi ta ƴar robar ciyarwa. Ba a sabawa da oksijen. Huhunsa na warkewa za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan har a cire.